Zaɓen Fitila Mai Araha Don Kiwon Tsirran Ruwa A Akwatin Gilashi

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana kiwo don sha'awa. Akwai masu tantabaru, akwai masu kanari, akwai masu aku. Amma ajiye kifi da tsirran ruwa cikin akwatin gilashi a tsakar ɗaki baƙon abu ne a wurinmu, shi ya sa har yau ba mu tsayar masa da suna ɗaya ba. Wasu kan ari kalmar Turawa su ce akwariyam, wadda tushenta kalmar Latin ce mai ma'anar ruwa. Ni dai na fi son "kududdufin gilashi", domin abin da ake ƙoƙarin kwaikwayo ke nan. Sai dai "akwatin kifi" ya fi sauƙi a baki, don haka da shi zan yi amfani. Wannan maƙala za ta taƙaita ne a kan abu guda, wato hasken da tsirran cikin akwatin ke bukata, da yadda mai ƙaramin ƙarfi a gari irin Azare zai same shi ba tare da ya tatike aljihunsa ba.

Me ya sa sai da haske?

A shekarar 1850 wani masanin haɗa sinadarai a Landan mai suna Robert Warington ya bayyana sakamakon wani gwaji da ya yi. Ya sa ƙananan kifaye da ciyawar ruwa da dodon koɗi cikin mazubin gilashi, suka rayu tare tsawon lokaci ba tare da an sauya musu ruwa ba. Sirrin abin shi ne cuɗanni in cuɗe ka. Kifi na shaƙar iskar oksijin yana fitar da iskar kabon, tsiro kuwa na ɗaukar iskar kabon ɗin da kashin kifin ya gina jikinsa, sannan ya saki oksijin. Amma tsiro ba ya wannan aiki sai da haske. In haske ya gaza, tsiron zai daina ciyar da ruwan, ya koma ruɓewa a cikinsa, ruɓewar kuma ta cinye iskar da kifi ke bukata. Ke nan wanda ya yi sakaci da fitila, kifinsa ma yana cikin haɗari.

To, ai muna da rana, mai karatu zai ce. Gaskiya ne, kuma kyauta take. Matsalar ita ce ta yi yawa. A watan Afrilu zafin Azare kan haura digiri 40, alhali yawancin tsirran da ake kiwo sun fi son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 22 zuwa 28. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai. In aka ajiye akwati inda rana ke dukan sa kai tsaye, cikin 'yan kwanaki ruwan zai koma kore shar da gansakuka, kifi kuma ya taso sama yana haki. Littattafan Turai kan ba da shawarar a ajiye akwati kusa da tagar arewa, domin su can rana ba ta biyowa ta arewa da tsakar rana. Mu nan ba haka abin yake ba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana kan karkata ta arewacinmu, don haka tagar da ta yi maka inuwa da hunturu tana iya jawo maka rana da damina. Abin da ya fi shi ne a nemi lungu mai inuwa, a bar wa fitila aikin haskawa, tunda ita ana iya kunna ta, ana iya kashe ta.

Lambobi biyu da ke jikin kwali

Mu da muka saba, in mun je shagon kayan wuta, "wat nawa ne?" muke tambaya. Wat kuwa ma'aunin wutar da ƙwai ke sha ne, ba na hasken da yake bayarwa ba. Ma'aunin haske sunansa lumen, kuma ana rubuta shi a jikin kwali da haruffa biyu, lm. Tsohon ƙwan nan mai zare a ciki, mai wat 100, yakan ba da lumen wajen 1,300, amma kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Ƙwan LED mai kyau, mai wat 12, yakan ba da lumen 1,000 zuwa 1,200, kuma zafinsa kaɗan ne. Wannan farin ƙwai na LED ya samu ne bayan da wasu 'yan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka gano yadda ake yin mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2014.

Masu wannan kiwo suna da wani lissafi mai sauƙi: tsirrai marasa fitina na bukatar lumen 10 zuwa 20 ga kowace lita ta ruwa, matsakaita 20 zuwa 40, masu wuyar sha'ani kuma sama da 40. Bari mu gwada. A ce mai aikin gilashi ya haɗa maka akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30. In ka ninka su ka raba da 1,000, za ka sami lita 54. Lita 54 sau lumen 20 ya ba da 1,080. Ƙwan LED guda mai wat 12 ya wadatar ke nan, ko da yake biyu masu wat 6 ko 7 sun fi, domin za su raba hasken dama da hagu. In ka kunna wat 12 na awa 8 kullum, a wata ba za ka sha yunit 3 cikakku ba. Tsohon ƙwai mai wat 100 zai sha yunit 24 a kan wannan aiki, ya kuma dafa maka ruwa.

Lamba ta biyu ita ce wadda ke ƙarewa da harafin K, kuma launin hasken take nufi. Abin sha'awa ga ɗalibin harshe, Bahaushe da "ruwa" yake auna launi: ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙasa. To, ƙwan da aka rubuta wa 2700K haskensa ruwan ɗorawa ne kamar na aci-bal-bal, mai 6500K kuwa fari ne tas irin na hantsi. Ganye ya fi shan jan haske da shuɗi, yana mayar da wani kaso na kore, shi ya sa muke ganin sa kore. Farin haske ya ƙunshi dukkansu. Tsiro zai rayu a ƙarƙashin kowanne daga cikin ƙwayayen biyu, amma mai 6500K ya fi fito da kyan ganye da na kifi. Fitilun nan masu walƙiyar ja da shuɗi da ake yi wa shago ado da su, a bar wa shago.

Akwai fitilun da aka ƙera musamman don akwatin kifi, ana shigo da su daga waje, kuɗinsu ya ninka na ƙwai sau da yawa. Suna da amfani ga wanda ke son jajayen tsirrai ko shimfiɗar ciyawa irin wadda Takashi Amano na Japan, wanda ya rasu a 2015, ya shahara da tsarawa. A ganina ɗalibi ba ya bukatar su. Abin da yake bukata shi ne ya yi hattara da jabu, domin kasuwa cike take da ƙwayayen da aka rubuta musu wat 30 alhali haskensu bai kai na 10 ba. Kada ka saya sai an kunna maka shi kusa da wani. Kwalin da babu lumen a jikinsa, ajiye shi. Idan akwatin ya zarce santimita 40 a zurfi, ƙaramar fitilar haska fili mai wat 10 ko 20 ta fi ƙwai, saboda tana tura haskenta ƙasa gaba ɗaya, kuma wadda aka rubuta wa IP65 ba ta jin feshin ruwa.

Idan an ɗauke wuta fa?

Awa 6 zuwa 8 a rana sun isa, kuma a sabon akwati da 6 ake farawa. Kwana ɗaya ko biyu babu haske ba ya kashe tsiro. Abin da ke wahalar da shi shi ne rashin tsari, yau awa 2, gobe a manta fitila a kunne har asuba. Kifi ma yana bukatar duhu ya huta. A nan ne sola ta fi dacewa da mu. Farantin sola mai wat 30 yana iya tara abin da ya haura bukatar ƙwai mai wat 10 na awa 8, musamman in da rana ake kunna fitilar, lokacin da farantin ke aiki, ta yadda batir ba zai sha wuya ba. Da bazara ni nakan raba lokacin biyu, awa 4 da safe, 4 da yamma, in bar tsakar rana ruwa ya sarara.

Wutar sola mai bolt 12 tana da wata fa'idar: ba ta da haɗarin ta gida mai bolt 230. Wanda zai yi amfani da ta gida, ya ɗaure fitilar da kyau kamar taƙi ɗaya sama da ruwa, ya sa murfin gilashi a tsakani, ya bar wayar ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket don kada ɗigon ruwa ya bi ta, kuma ya cire filogi duk lokacin da zai tsoma hannu. Gidan da ke da yara, wannan ba abin wasa ba ne. Da hunturu kuma a riƙa goge murfin, don ƙura kaɗai tana iya tare haske mai yawa.

Tsirran gida

Hanya mafi araha ta rage kuɗin fitila ita ce zaɓen tsiron da ba ya neman haske da yawa, kuma a nan ƙasar Katagum ba ta da talauci. Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan wajen Jos, ya bi ta gefen tsohon garin Katagum, inda fadar masarautar take kafin a mayar da ita Azare a 1916, sannan ya shiga dausayin Haɗeja da Nguru. Bayan damina tafkunan da yake bari cike suke da bado da kainuwa. Badon nan da yara ke tonowa su ci, danginsa ake sayarwa a shagunan kifi na Turai a matsayin tsiron ado. A akwati yakan fitar da ganye masu kyau a ƙarƙashin ruwa da matsakaicin haske, sai dai a riƙa yanke waɗanda suka miƙe za su kai sama, in ba haka ba za su rufe akwatin da inuwa. Kainuwa kuwa, wadda ake wa kirari da dashen Allah, tana shawagi a sama tana tsotse dattin da gansakuka ke ci, amma tana yaɗuwa da sauri, kuma ganyenta na ƙonewa in ƙwai ya matso ta. Kada ta rufe fiye da sulusin fuskar ruwan. Kachala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin bayan gina madatsun Tiga da Challawa, ba ta da wurin zama a ɗaki. Wanda ya sami Anubiyas, tsiron rafukan kurmin kudancin Nijeriya da Kamaru, ya sami wanda ya fi kowa haƙuri da duhu. A jikin dutse ko itace ake ɗaure shi, ba a binne gindinsa.

Tsiron da aka ɗebo daga tafki kada ya wuce kai tsaye cikin akwati. Yankinmu akwai tsargiya, kuma ƙananan dodon koɗi ne ke ɗauke da ita. A sa safar roba a wanke tsiron sarai, a tsince duk wani koɗi da ƙwansa, a bar shi a bokitin ruwan rijiya ko na burtsatse na mako biyu ana dubawa. Haka kuma karfasa da tarwaɗa ba abokan zaman tsiro ba ne, ɗaya ta cinye ganye, ɗaya ta tone saiwa ta dama ruwa. Ƙaramin kurungu yana iya zama, amma ɗan dare ne, sai an sa masa fasasshen tulu ya riƙa fakewa daga haske.

Bayan mako uku da dasawa tsirran za su nuna maka ko lissafinka ya yi daidai. In kara ya yi tsawo siriri, ganyen ƙasa na zubewa, haske ya gaza, sai a sauko da fitilar kaɗan ko a ƙara awa ɗaya. In kuma gansakuka ta fara hawa ganye da gilashi, a rage awa ɗaya, a rage abincin kifi, a sauya sulusin ruwan, sannan a jira mako biyu kafin a sake taɓa komai.