Gorar Masunta Mai Rediyo: Me Ya Sa Ake Jin Ta Da Rana?

A tekunan Fasifik, Indiya da Atlantika, jiragen kamun kifi sukan shimfiɗa koma ko mamari mai tsawon kilomita da dama, su bar shi yana tafiya da ruwa. To, yaya za su gano shi idan sun dawo? Kamar yadda masuncin Argungu yake dogara da gorarsa, su ma suna da tasu gorar, sai dai tasu tana ɗauke da batir da eriya da ƙaramar na'urar watsa sauti. Na'urar takan aika da 'yan haruffa cikin alamun Mos, wato gajeru da dogayen ƙararraki, ta yi shiru na 'yan mintoci, sannan ta maimaita. Jirgi kuwa yana da na'urar da ke nuna masa ɓangaren da sautin ke fitowa.

Yawancin waɗannan goruna suna aiki ne tsakanin kilohaz 1,600 zuwa 4,000, musamman kusa da mita 160, wato gaba kaɗan da matsakaicin zangon da ke akwatin rediyonmu. Ƙarfinsu bai wuce wat kaɗan ba. Duk da haka, akwai masu sha'awar sauraro a Turai da Amurka da Ostareliya waɗanda ke farautar waɗannan sautuka, suna rubuta haruffan da lokacin da suka ji su. Wani abin jan hankali shi ne jin gorar da rana tsaka, domin a wannan zango rana maƙiyiya ce.

Don fahimtar dalili, sai mu ɗaga kai sama. Daga kimanin kilomita 60 a bisa ƙasa akwai wani sashen iska da ake kira ayonosfiya, inda hasken rana ke fizge ilektiron daga ƙwayoyin iska. Masana sun kasa shi hawa-hawa. Hawan D yana tsakanin kilomita 60 zuwa 90, hawan E na bisansa, sannan hawan F daga kimanin kilomita 150 zuwa sama. Hawan E da F sukan tanƙwaro igiyar rediyo ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Hawan D kuwa, saboda iskarsa ta fi kauri, ilektiron ɗinsa na yawan karo da ƙwayoyin iska, don haka shanye igiyar yake yi. Da zarar rana ta faɗi, hawan D yakan kusa ɓacewa, hanya ta buɗe. Wannan ne ya sa mai karatu kan kama tashoshin nesa a matsakaicin zango da dare, ya neme su da hantsi ya rasa.

Markoni ya lura da wannan bambanci a 1902, lokacin da ya ga saƙonni suna isa jirgin ruwan da yake ciki daga nesa sosai da dare fiye da rana. A shekarar ce Kenali da Hebisayid suka kawo ra'ayin cewa akwai wani hawa a sama mai mayar da igiya. Afulton na Ingila ya tabbatar da haka a 1924, ya kuma sami lambar Nobel a 1947.

Idan sama ta rufe da rana, ta ina sautin gorar ke bi? Amsar tana cikin ruwan teku. Akwai igiyar da ba ta hawa sama, sai dai ta bi doron duniya tana lanƙwasa tare da shi. Busasshiyar ƙasa tana saurin cinye ƙarfin wannan igiya. Ruwan teku kuwa, albarkacin gishirin da ya narke a cikinsa, ya fi busasshiyar ƙasa iya ɗaukar lantarki sau dubbai. Saboda haka sautin gora mai rauni zai iya tafiya ɗaruruwan kilomita a kan teku, amma da ya hau tudu sai ya fara dusashewa. Ke nan wanda ya kafa eriyarsa a bakin teku, nesa da hayaniyar wayoyin lantarki, shi ke da rabo da rana. Ruwan kogi ko tafki ba ya yin wannan aiki sosai, domin gishirinsa kaɗan ne.

Abin lura shi ne, jin gora da rana yakan nuna cewa ba ta da nisa ainun, kuma ruwa ne akasarin abin da ke tsakani. Jin ta da dare kuwa ba ya nuna haka, don tana iya kasancewa a wani teku daban.

Ga mai nazarin halittu, wannan ƙaramin sauti ba abin wasa ba ne. Komar da ta ɓace ba ta daina kamu: takan ci gaba da halaka kifi da kunkurun teku da tsuntsaye shekara da shekaru. Irin wannan ɓarna na cikin dalilan da suka sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a 1991 cewa a dakatar da amfani da manyan komaye masu yawo a tsakiyar teku daga ƙarshen 1992. A yau jirage da yawa sun koma ga gorunan da ke aika matsayinsu ta tauraron ɗan'adam.

Malamai na iya gwada wannan darasi ba tare da kashe ko kwabo ba. A sa ɗalibai su ƙirga tashoshin da suka kama a matsakaicin zango da ƙarfe 12 na rana, su sake ƙirgawa da ƙarfe 9 na dare, har tsawon mako guda. Bambancin da za su gani, aikin hawan D ne.