Bizar baƙon ma'aikaci da iyalinsa: abin da Tamaske ta gani

Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Kaita ya ratsa Tamaske, garin fatake, wanda ƴaƴansa suka san Kano da Kaduna da Jos kamar tafin hannunsu. A shekara ta 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, garin ya ga abu biyu a lokaci guda. Najeriya ta rufe iyakokinta cikin watan Afrilu, harkar fatake ta tsaya cik. A kan wannan hanya kuma sai ga motocin Furojen Kaita ɗauke da baƙin ma'aikata, waɗanda suka ƙetaro teku ba tare da wani shinge ya tsai da su ba.

Ƙasar Italiya ce ta zuba kuɗin aikin, hukumar FAO mai cibiya a Roma ta gudanar da shi a ƙarƙashin Renato Carucci, hukumar PAM kuma ta biya leburori da abinci. Mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dashen itatuwa, domin maza da dama suna ci-rani. Daga 1991 aikin ya faɗaɗa har Buza da Abalak.

To, wace takarda ce ta buɗe wa waɗannan baƙi hanya? Asalinta yarjejeniya biyu ne: ta 1946, wadda ta shafi ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya, da ta 1947, wadda ta shafi hukumominta irin su FAO. Ma'aikacin yana riƙe da takardar wucewa ta Majalisar, shuɗiya, ko ja idan babba ne ƙwarai. Wannan ba ta ɗauke masa neman biza ba a inda ake buƙatarta. Abin da yarjejeniyar ta ce shi ne a duba buƙatarsa da gaggawa. Ba ya bin layin da ɗan kasuwa ke bi. Hukumarsa ce ke rubuta wasiƙa zuwa ma'aikatar harkokin waje, sashen furotokol kuma ya ba shi katin zama. An kuma keɓe shi, shi da matarsa da waɗanda yake ciyarwa, daga ƙa'idodin shige da fice da rajistar baƙi.

A nan ne ya kamata ma'aikacin gwamnati mai fatar a tura shi ambasada, ko ya samu kujera a wata hukumar duniya, ya buɗe kunne. Yarjejeniyar Biyana ta 1961, wadda ta tsara aikin jakadu, ta ce a sashenta na 37 kariya ta haɗa da iyalin da ke cikin gidan jakada. Amma ba ta ƙidaya su ba. Kowace ƙasa mai karɓar baƙo ita ke faɗin wane ne iyali. Ga Ba'adare, gida ya ƙunshi uwargida da amarya, da ɗan riƙo, da ƙanen da ake karantarwa, wani lokaci har da tsohuwa. Ga ofisoshin Turai da Amurka kuwa, iyali shi ne mata ɗaya da ƴaƴan da ba su wuce wasu shekaru ba. Mai mata biyu sai ya zaɓi wadda za a rubuta, kuma wanda ya san zaman gida ya san wannan ba ƙaramar shari'a ba ce. Ɗan riƙo, idan ba takardar alƙali a hannu, sai ya zauna. Sannan takardar mata da ta ƴaƴa a rataye suke a jikin ta maigida. Ranar da aikinsa ya ƙare, ko aka kira shi gida, tasu ta faɗi tare da tasa, ko da yaro yana tsakiyar shekarar lakkwal.

Shekara ta 2023 ta nuna haka a fili. Ranar 25 ga Agusta, hukumomin Yamai suka ba jakadan Faransa, Sylvain Itté, awa 48 ya bar ƙasa. Faransa ta ƙi. Kafin watan ya ƙare aka bayyana cewa an soke katunansa da bizarsa, da na iyalinsa duka. Bai fita ba sai ranar 27 ga Satumba. Cikin watan Oktoba aka ba Louise Aubin, babbar wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijar, awa 72, bisa zargin cewa an hana wakilan ƙasar magana a babban taron Satumba a New York. Majalisar ta ce irin wannan kora ba ta hau kan ma'aikatanta ba. Ta faɗi hujjarta, amma ƙofar shiga tana hannun mai ƙasa.

Farken Tamaske ba zai yi mamakin wannan ba. Shi ma yana da tasa yarjejeniyar: wadda ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a Dakar a 1979, mai ba shi kwana 90 a ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba. Ba ta hana gwamnatin Shagari korar baƙi a watan Janairun 1983 ba, kuma ba ta hana iyaka zama a rufe daga 1984 har zuwa Maris 1986 ba. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso, aka kuma fito da fasfon AES. A ranar CEDEAO ta sanar cewa ƴan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga da fita ba biza, da tsofaffin takardunsu, har sai an sake shawara.