Madaidaicin Eriya: Na Ciki ko Na Waje?

A watan Satumba na shekarar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanonin wayar salula su rufe layukansu a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar a yaƙin da take yi da 'yan bindiga. Makonni suka shuɗe mutumin Talata Mafara bai iya jin muryar ɗan'uwansa da ke Bakura ko Maradun ba, sai in ya yi tattaki. Abin da wannan lokaci ya fito da shi fili shi ne, wayar da ke aljihunmu ba ta magana da kowa kai tsaye: sai ta bi ta kan turakun kamfani, kuma ranar da aka kashe turakun ta zama fitila da agogo kawai.

Akwai wata hanyar sadarwa da ta girmi salula nesa ba kusa ba, wadda ba ta dogara da turken kowa ba. Ita ce rediyon 'yan sha'awa, wato mutanen da ke karɓar lasisi domin su riƙa magana da junansu a kan gajeren zango, don neman ilmi da gwaje-gwaje da taimako a lokacin bala'i, ba don kasuwanci ba. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Faris a 1925, kuma Nijeriya tana da tata ƙungiyar mai suna NARS. Lambar kiran kowane ɗan Nijeriya a wannan fage tana farawa da 5N, ta maƙwabtanmu na Nijar kuwa da 5U. Tun daga nan ya kamata mai karatu ya riƙe cewa watsa magana ba tare da lasisin Gwamnatin Tarayya ba laifi ne, kuma a yanki irin namu wanda aka ga ya kafa doguwar eriya ba takarda a hannu ya jawo wa kansa tambayoyin da ba zai so amsawa ba. Saurare kuwa ba ya buƙatar izinin kowa.

Wanda ya sami lasisi ya zo sayen na'ura, tambayar farko da mai sayarwa zai yi masa ita ce: mai madaidaici a ciki kake so, ko za ka sayi madaidaicin daban? Kuɗi masu yawa sun rataya a kan amsar, haka ma lafiyar na'urar.

Darasi daga kunne

A matsayina na malamin ilmin halittu, na fi samun sauƙin bayyana aikin madaidaici ta hanyar kunnen ɗan Adam. Sauti yana zuwa ne ta cikin iska, amma ƙwayoyin da ke jin sa suna can cikin ruwa, a cikin kunnen ciki mai siffar katantanwa. Iska abu ce mai saurin motsawa, ruwa kuwa mai taurin kai. Idan sauti ya fito daga iska ya daki ruwa kai tsaye, kusan kashi 999 cikin 1000 na ƙarfinsa komowa yake yi. Shi ya sa yaron da ya nutsa a kududdufi ba ya jin kiran uwarsa daga bakin gaɓa.

Allah cikin hikimarsa ya sanya ƙananan ƙasusuwa uku a tsakani, waɗanda masana suka raɗa wa suna guduma da uwar maƙera da likkafa saboda kamanninsu. Faɗin ɓangaren dodon kunne mai motsi ya ninka na tafin likkafa kusan sau 17, ƙasusuwan kuma suna ƙara ɗan ƙarfi irin na maɓamɓari, har matsin da ke isa ga ruwan ya ninka wanda ya daki dodon kunne fiye da sau 20. Ƙasusuwan nan ba su ƙara wa sauti ko ƙwayar zarra ta ƙarfi ba. Sun dai sulhunta iska da ruwa, yadda abin da ya zo zai shige maimakon ya koma.

Haka abin yake a rediyo. Kowace eriya tana da irin turjiyar da take yi wa wutar da aka tura mata, ana auna turjiyar da ma'aunin om. Na'urorin zamani an ƙera su ne su sadu da om 50. In eriya ta nuna om 50, magana ta ƙare. In ta nuna om 150 ko 2000, wani kaso na ƙarfin zai komo ta cikin kebul ya nufo na'ura. Ana auna wannan saɓani da wani lissafi da ake taƙaitawa da SWR. A kan 1 da 1 babu abin da ke komowa. A kan 2 da 1 kashi 11 cikin ɗari ke komowa, a kan 3 da 1 kashi 25, a kan 10 da 1 kuwa kusan kashi 67. Na'ura mai wat 100 da ta ji saɓanin ya haura 2 da 1 takan rage ƙarfinta da kanta don kada taransistocinta na ƙarshe su ƙone, tsofaffin da ba su da wannan kariya kuwa ƙonewa suke yi. Madaidaici, wanda ba kome ba ne illa naɗin waya da kwandansa da aka jera cikin dabara, shi ne ke tsayawa a matsayin ƙasusuwan nan uku: ya nuna wa na'ura om 50 ɗin da take so, ko me ke can ɗaya gefen.

Me ya sa ba za a yanka eriya daidai ba a huta?

Ana iya yi, kuma ya fi. Eriya mafi sauƙi waya ce miƙaƙƙiya da aka raba biyu aka haɗa kebul a tsakiya. Tsawonta a mita shi ne 143 a raba da yawan megahaz ɗin da ake so. Don zangon megahaz 7 ana buƙatar kimanin mita 20, don megahaz 14 kimanin mita 10, don megahaz 3.65 kuwa kimanin mita 39. Matsalar ita ce zango ɗaya ba ya isar mutum.

Mu ɗauki bukatar yankinmu. Wanda ke Talata Mafara yana son ya kai Gusau da Sakkwato, ko Maraɗi, wato tafiyar da ta wuce inda ƙaramar oba-oba ke kaiwa amma ba ta kai ta ƙetare teku ba. Dabarar ita ce a rataye eriya ƙasa-ƙasa, mita biyar zuwa goma daga ƙasa, don igiyar ta tashi kusan sak zuwa sama, ta daki wani rufi na iska mai ɗauke da caji da ke can sama da kilomita 200, ta zubo kamar ruwan sama a kan da'ira mai faɗin kilomita ɗaruruwa. Wannan rufi rana ce ke gina shi, saboda haka halinsa da hantsi daban ne da halinsa bayan isha'i. Da rana megahaz 7 ne ke aiki, domin wani rufi na ƙasa-ƙasa yana shanye abin da bai kai haka ba. Da dare sau da yawa megahaz 7 kan huda rufin ya wuce, sai a koma 3.5 zuwa 3.8. Duk wanda ya girma yana murɗa akwatin rediyo yana neman BBC ko Muryar Amurka daga mita kaza zuwa mita kaza tsakanin safiya da dare ya riga ya san wannan a aikace.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wayar nan mai mita 39 da ta dace da zangon dare, in aka tura mata megahaz 7 turjiyarta kan haura om dubu biyu. Madaidaicin da ke cikin yawancin na'urori ba ya iya wannan. Icom IC-7300, alal misali, wadda ta fito a 2016 ta kuma yi farin jini ƙwarai, madaidaicinta na ciki an yi shi ne don saɓanin da bai wuce 3 da 1 ba. Dalilin a fili yake: wurin da ke cikin akwati kaɗan ne, don haka naɗin wayar da kwandansojin ƙanana ne, ba su jure wutar da babban saɓani ke haifarwa. Aikinsa shi ne gyaran ɗan kuskure, kamar lokacin da aka yanka eriya don tsakiyar zango aka matsa zuwa gefensa, ko lokacin da damina ta jiƙa ƙasa ta sauya turjiyar eriyar da aka auna da rani. A wannan aiki ba shi da na biyu: maɓalli ɗaya, daƙiƙa biyu ko uku, ba ƙarin akwati ba ƙarin waya. Wasu na'urori, irin su Icom IC-718 da Yaesu FT-891, ba su da shi sam. Akwai kuma 'yar ƙaramar Xiegu G90 ta ƙasar Sin mai wat 20, wadda nata ya fi na manyan faɗin hannu.

Madaidaicin waje iri biyu ne, mai sarrafa kansa da wanda ake murɗawa da hannu, kuma da yawansu suna kaiwa 10 da 1 ko fiye. Na hannun yana da wata falala da littattafan Turai ba su cika damuwa da ita ba: ba ya cin wuta. Wanda ke aiki da batirin mota da faifan sola ya san darajar wannan. Bugu da ƙari, in ya lalace mai gyaran rediyo na kasuwa zai iya buɗe shi ya ga abin da ya faru da idonsa, alhali in na ciki ya sami matsala na'urar ce gaba ɗaya za ta kwanta. Ɗalibin fasahar lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan garin zai iya haɗa irinsa da naɗin wayar tagulla a kan bututun roba da kwandansar tsohuwar rediyo, in dai ƙarfin da za a tura bai wuce 'yan wat kaɗan ba. Sai dai shi ma yana da tarkonsa. Ana iya murɗa shi har allura ta nuna 1 da 1 alhali wani babban kaso na ƙarfin yana zama zafi a cikin naɗin wayar. In aka taɓa akwatin bayan magana aka ji ya yi ɗumi, to wannan ɗumin muryar mutum ce da ba ta fita ba.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba

Sunan na'urar ma yaudara ne. Madaidaicin da ke kan tebur, na ciki ne ko na waje, ba ya taɓa eriya ko kaɗan. Yana gyara abin da na'ura ke gani ne kawai. Tsakaninsa da eriya saɓanin yana nan yadda yake, igiyar tana kai da komo a cikin kebul, kuma kowace tafiya kebul ɗin yana karɓar la'adarsa. Siririn kebul na RG-58 mai tsawon mita 30 yana cin kusan kashi 30 cikin ɗari a kan megahaz 14 ko da kome ya daidaita. In saɓani a bakin eriya ya kai 10 da 1, abin da zai isa eriya daga wat 100 bai fi wat talatin da 'yan kai ba. Allura kuwa tana can tana nuna lafiya lau. Kunne bai yi wannan kuskure ba: ƙasusuwansa suna daidai kan iyakar iska da ruwa, inda saɓanin yake.

Hanyoyi biyu ake bi a kauce wa wannan asara. Ta farko a kai madaidaicin can gindin eriya, irin su Icom AH-4, ta yadda kebul zai ɗauki om 50 tun daga ɗaki har can. A lissafi wannan ce ta fi kyau, musamman ga doguwar waya guda ko eriya ta tsaye. A aikace kuwa akwatin zai sha zafin watan Afirilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da tsawar farkon damina, kuma duk ƙofar da aka bari zanzaro zai gina ɗakinsa na laka a ciki. Laka mai danshi a kan allon lantarki ba abokiyar arziki ba ce. Eriya ta tsaye kuma tana buƙatar ƙasa mai ɗaukar wuta: wanda ke kusa da fadamun da madatsar ruwa ta Bakolori ke shayarwa ya fi wanda ke kan jigawa sa'a, shi na jigawa sai ya shimfiɗa wayoyi da yawa a gindinta.

Hanya ta biyu tsohuwa ce, kuma ita na fi so. A bar kebul, a yi amfani da wayoyi biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, an raba su da 'yan guntayen roba, kamar tsani. Irin wannan layi asararsa kaɗan ce ko da saɓani ya yi yawa, kuma mutum zai iya haɗa shi da hannunsa. Sharaɗinsa shi ne a nisanta shi daga kwanon rufi da ƙarfen taga, kada kuma a kwantar da shi a ƙasa. Da waya mai mita 30 zuwa 40 da wannan tsani da madaidaicin waje mai mahaɗar da ta dace da layi biyu, mutum zai yi aiki daga megahaz 3.5 har 28 da eriya guda.

Saboda haka, a ganina, fili ne ke yanke hukunci kafin aljihu. Wanda ke da sarari, a gona ko a harabar makaranta, ya haɗa wayoyi biyu a kan kebul guda, ɗaya mai mita 39 ɗaya mai mita 20, ya ware su kamar almakashi. Kowane zango zai zaɓi wayarsa da kansa, ɗan abin da ya rage na ciki ya share, ba sai an sayi kome ba. Wanda ke cikin gari, inda waya ɗaya ce za ta shiga tsakanin katanga da bishiyar darbejiya, kada ya biya ƙarin kuɗi don madaidaicin ciki da ba zai iya aikin ba; ya sayi na'ura maras shi, ya sa rarar a kan na waje da waya mai kyau. Yana da kyau kuma ya san cewa kamfanin MFJ na Amurka, wanda ya cika duniya da madaidaitan hannu masu rahusa, ya daina ƙera kaya a masana'antarsa a 2024, don haka yawancin waɗanda za a gani yanzu na hannu ne. A buɗe a duba ko akwai baƙin tabon tartsatsi a kan farantan kwandansa kafin a biya.

Mai saurare zalla kuwa ya adana kuɗinsa. A ƙasa da megahaz 10 hayaniyar tsawa da ke cika sararin Afirka ta yamma ta fi ƙarfin duk wata asarar da saɓani zai jawo, kuma madaidaici zai ɗaga muryar da hayaniyar ne tare. Waya mai mita goma ko ashirin da aka rataya nesa da inbata da cajar waya ta ishe shi, sai dai ya tuna ya cire ta daga jikin rediyo da zarar hadari ya haɗo daga gabas.