Wuraren Haɗuwar Mata a Tarihi: Tsakanin Ƙawance, Maɗigo da Haramcin Zato

Gabatarwa

A garuruwan Makarfi, Ikara da Kudan, kamar sauran ƙasar Zazzau, mace tana yin mafi yawan rayuwarta ne a tsakanin mata 'yan'uwanta. Da su take zama a cikin gida, da su take haɗuwa a gidan biki da gidan suna, da su take karatu a Islamiyyar matan aure. A 'yan shekarun nan kuwa kalmar maɗigo ta yawaita a wuraren wa'azi da shirye-shiryen rediyo da kafofin sada zumunta, har ta kai ana yi wa ƙawaye biyu da suka shaƙu kallon tuhuma. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda wuraren haɗuwa na masu maɗigo suka faro a Turai da Amurka, ta duba abin da littattafan Musulunci suka tanada a kan aikin, sannan ta auna waɗannan da tsarin zumuncin mata a ƙasar Hausa, domin ɗalibin ilimi ya iya rarrabe abin da Shari'a ta haramta da abin da al'ada ta gina na alheri.

Yadda Wuraren Suka Faro a Turai da Amurka

Wuraren da aka keɓe wa mata masu neman mata, na hira da shaye-shaye da raye-raye, sun bayyana ne a manyan biranen Turai a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon ƙarni na 20. A birnin Paris, wata mawallafiya Ba'amurkiya mai suna Natalie Barney ta mayar da gidanta majalisar adabi tun daga 1909, inda marubuta da irin waɗannan mata suke taruwa. A birnin Berlin na Jamus, cikin shekarun 1920, an sami kulob-kulob da ƙungiyoyi, har da mujalla mai suna Die Freundin wadda ta fito daga 1924 zuwa 1933, shekarar da gwamnatin Hitila ta hau mulki ta murƙushe su. A Landan an buɗe kulob ɗin Gateways a 1931, wanda daga baya ya zama matattararsu har zuwa rufe shi a 1985. A Amurka kuwa, a 1955 wasu mata takwas suka kafa ƙungiyar Daughters of Bilitis a birnin San Francisco. Da farko taron cikin gida suke yi saboda 'yan sanda na yawan kai samame gidajen giya, kuma a 1956 suka fara buga mujallarsu.

Masana tarihi sun danganta bayyanar waɗannan wurare da sauyin tattalin arziki. Masana'antu da ofisoshi sun ja 'yan mata daga ƙauyuka zuwa birane, suka sami albashi da ɗakunan haya nesa da idon dangi, kuma yaƙe-yaƙen duniya biyu sun ƙara yawan mata ma'aikata. A wancan zamani mace mai mutunci ba ta shiga gidan giya ita kaɗai, saboda haka samun wurin da mata za su zauna ba tare da maza ba sabon abu ne a wurinsu.

Akwai dalili na biyu wanda ya fi shafar wannan nazari. A ƙarni na 19 matan Amurka da Ingila suna da ƙawance mai zurfi: suna rubuta wa juna wasiƙun ƙauna, suna kai wa juna ziyarar makonni, kuma mazajensu da iyayensu ba sa ganin aibu. Masaniyar tarihi Carroll Smith-Rosenberg ta bayyana wannan a wata shahararriyar maƙala a 1975. Daga baya likitoci irin su Krafft-Ebing a 1886 da Havelock Ellis a 1897 suka mayar da sha'awar jinsi ɗaya wani nau'in halitta da ake laƙaba wa mutum. Da wannan fahimta ta bazu, sai aka fara zargin kowace irin shaƙuwa tsakanin mata. Matan da ba ruwansu suka ja baya daga ƙawayensu don gudun suna, waɗanda suka karɓi sunan kuma suka ware suka kafa nasu wurare.

Abin da Littattafan Musulunci Suka Tanada

Malaman fiƙihu sun san aikin tun ƙarnonin farko, suna kiransa sihaƙi ko musahaƙa. Mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcinsa. Daga hujjojinsu akwai ayoyin farkon Suratul Mu'minun da suka iyakance biyan sha'awa ga halal, da hadisin Abu Sa'id al-Khudri a Sahihu Muslim wanda ya hana mace kallon al'aurar mace da kuma haɗa jiki da ita cikin mayafi ɗaya. Abu Muslim al-Asfahani ya fassara aya ta 15 ta Suratun Nisa'i a kan wannan aiki, amma mafi rinjayen malaman tafsiri sun ɗauke ta a kan zina, kafin saukar hukuncin Suratun Nur.

Game da uƙuba, jamhur sun tafi a kan cewa babu haddi, sai ta'aziri gwargwadon ijtihadin alƙali, saboda sharaɗin zina bai cika ba. A kan haka Mukhtasar na Shehu Khalil ya tafi, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka dogara da shi ɗaruruwan shekaru. A wajen fiƙihu kuma, littattafan adabi sun taɓo batun. Ahmad al-Tifashi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1253, ya ware babi a littafinsa Nuzhatul Albab yana siffanta irin waɗannan mata da ɗabi'unsu da adonsu. Wannan ya nuna kuskuren mai cewa abin baƙo ne da Turawa suka ƙirƙira. Hausa ma tana da kalmarta ta kanta a kansa.

Abin lura shi ne fiƙihu yana hukunta aiki ne tabbatacce, ta hanyar iƙirari ko shaida a gaban alƙali. Bai san wani rukunin mutane da ake ganewa ta sutura ko murya ko yawan zama tare ba. Dokokin zamani sun ƙara wani abu a kan haka. Kundin hukunce-hukuncen Shari'a na Jihar Zamfara na shekarar 2000 ya tanadi bulala da ba ta wuce 50 ba da ɗaurin da bai wuce wata 6 ba. Dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga kafa kulob ko ƙungiya irin waɗanda aka ambata a sama. Duk waɗannan hukunce-hukunce na kotu ne, babu wanda aka damƙa a hannun maƙwabci ko mai unguwa.

Duniyar Mata a Ƙasar Zazzau

Matan Hausa ba su jira zamanin masana'antu ba kafin su sami wuraren kansu, domin tsarin kulle da raba maza da mata ya riga ya ba su. Hujja mafi kusa da Makarfi ita ce tarihin Baba ta Karo. An haife ta wajen 1877 a ƙauyen Karo kusa da Zarewa, a kan iyakar Kano da Zazzau, tafiya kaɗan daga ƙasar Makarfi. Ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, bayan rasuwarta a 1951. A cikin labarin, ƙawance alaƙa ce mai ƙa'ida. Ana ƙulla ta da aiken kyauta da karɓa, da sanin iyaye ko miji. Ƙawa ita ke tsaya wa amarya a ranakun biki, ita ke kai gudummawa ranar suna, kuma in nata ya zo a mayar mata da ninki. Akwai kuma alaƙar yaya da ƙanwar rana, inda babba take ɗaukar nauyin ƙarama, ƙaramar kuma tana yi mata hidima. Baba ta yi aure har sau huɗu, amma zumuncinta da ƙawayenta ya zarce aurarrakin.

Wannan zumunci yana da ƙashin bayan tattalin arziki. Polly Hill ta nuna a 1969, daga bincikenta a Batagarawa ta ƙasar Katsina, cewa matan kulle suna gudanar da ciniki mai yawa daga cikin ɗakunansu ta hannun yara 'yan talla. Adashi da bikin ninki su ne bankin mace. Haka kuma yana da fuskar addini. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji, ta ba ta malfa, jajin kuma ta jagoranci matan ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu su koma su koyar. Islamiyyun matan aure na yau jikokin wannan tsari ne.

Akwai wuri na uku da malamai suka daɗe suna suka, wato gidajen mata masu zaman kansu a ƙarƙashin magajiya, waɗanda suke da alaƙa da bori kuma baƙinsu maza ne. A gefen irin waɗannan gidaje ne 'yan daudu suke sana'ar abinci, kamar yadda Rudolf Gaudio ya bayyana a littafinsa na 2009 a kan Kano. Bai dace a cuɗa wannan da ƙawancen matan aure ko da taron karatu ba, domin kowanne da asalinsa da manufarsa.

Illar Zato

Abin da ya faru da matan Amurka da Ingila gargaɗi ne ga masu wa'azi. Idan aka koya wa jama'a neman alamomin maɗigo a riƙe hannu, ko kwana ɗaki ɗaya, ko kiran juna da sunayen ƙauna, waɗanda za su fara cutuwa su ne mata kamilai. Bazawarar da ta koma zama da ƙawarta, da ɗalibar da ba ta rabuwa da abokiyar karatunta, da matar auren da maigidanta ya hana ta ƙawa saboda wani wa'azi da ya ji, duk za su rasa majingina a ranar rashin lafiya ko saki ko talauci.

Shari'a ta toshe wannan ƙofa. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta yi umarni da nisantar yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane da giba. Aya ta 19 ta Suratun Nur ta yi narko ga masu son yaɗuwar labarin alfasha a cikin muminai. Wanda ya jefi mace da maɗigo ba tare da hujja ba, ko da haddin ƙazafi na bulala 80 bai hau kansa ba, malamai sun ce alƙali zai ladabtar da shi saboda cin mutunci. Wadda kuma ta zo wa malami ko malama a asirce da abin da ke damunta, haƙƙinta shi ne sutura da nasiha, kamar kowane mai neman fatawa.

Kammalawa

Wuraren haɗuwa na masu maɗigo a Paris da Berlin da San Francisco sun tsiro ne daga ƙaura zuwa birane, da albashin mata, da kuma laƙabin da likitoci suka ƙirƙira. Wuraren haɗuwar matan Makarfi da maƙwabtanta sun tsiro daga kulle da biki da sana'ar cikin gida da neman ilimi. Aikin malami shi ne ya bayyana haramcin sihaƙi yadda fiƙihu ya bayyana shi, da ladubban sutura da raba makwanci da Sunna ta koyar, sannan ya kare ƙawance daga bakin masu zato, domin shi ma amana ce da aka gada. Allah ne Mafi sani.