AMITABH BACHCHAN: DOGON DA YA FAƊI YA TASHI

Duk wanda ya taɓa shiga gidajen sinima na Kano, ko Kaduna, ko Jos, a shekarun 1970 da 1980, ya san fuskar Amitabh Bachchan, dogon ɗan wasan kwaikwayon nan na Indiya mai kakkausar murya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, sau biyu mutumin nan yana kai wa bakin rami, sau biyu kuma yana dawowa.

An haife shi ran 11 ga Oktoba, 1942, a birnin Allahabad. Mahaifinsa, Harivansh Rai Bachchan, shahararren marubucin waƙoƙi ne. Ya fara fitowa a fim a 1969, cikin Saat Hindustani, amma yawancin finafinansa na farko ba su yi kasuwa ba. Sai a 1973 ne Zanjeer ya fito da shi, inda ya zama ɗan sanda mai zafin zuciya wanda ba ya jure wa zalunci. A lokacin kuwa talakawan Indiya na fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, saboda haka suka ga fushinsu a fuskarsa. Deewaar da Sholay na 1975 suka ƙara tabbatar da shi.

Jarrabawa ta farko ta zo a watan Yuli na 1982, a Bangalore, ana cikin ɗaukar Coolie, fim ɗin da ya fito a matsayin ɗan dako mai suna Iqbal. A wani wurin faɗa ya bugu da gefen tebur, ya ji mummunan rauni a ciki. Aka kwantar da shi asibiti a Bombay rai a hannun Allah, jama'a suka yi ta addu'a a masallatai da sauran wuraren ibada. Da ya warke, mai shirya fim ɗin, Manmohan Desai, ya sake ƙarshen labarin don kada Iqbal ya mutu.

A 1984 ya ci zaɓen Majalisar Dokoki daga Allahabad, amma ya ajiye kujerar a 1987.

Jarrabawa ta biyu ta dukiya ce. Kamfaninsa, ABCL, wanda ya ɗauki nauyin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Bangalore a 1996, ya karye. Bashi ya yi masa katutu, har banki ya nemi ƙwace gidansa. Ba tare da jin kunya ba ya tafi wurin Yash Chopra ya roƙi aiki, aka ba shi matsayin dattijon shugaban makaranta a Mohabbatein na shekarar 2000.

A wannan shekara dai ya karɓi gabatar da Kaun Banega Crorepati, shirin kacici-kacici na talabijin mai kyautar Rupee miliyan 10. A lokacin, manyan 'yan fim na ganin talabijin ƙasƙanci ne gare su. Amma shirin ya shiga gidajen miliyoyin mutane, ya kuma taimaka masa ya biya bashinsa.

A 2019 Gwamnatin Indiya ta miƙa masa lambar Dadasaheb Phalke, wadda babu ta sama da ita a harkar fim a ƙasar.  Shi kuwa Amitabh, da ya faɗi, bai raina ƙaramin aiki ba, kuma shi ne ya tashe shi.