Kada Damuwa Ta Jefa Mu Hannun 'Yan Damfara

'Yan'uwa a cikin Almasihu, wata annoba tana yaɗuwa a ikkilisiyoyinmu. Ta wayar hannu take shigowa, ta zaurukan WhatsApp na zumuntar mata da na matasa, har ta bakin wasu dattawa. Ita ce harkar nan ta "zuba kuɗinka a ninka maka."

Ba yau aka fara ba. A 2016 MMM ta yi wa jama'a alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari kowane wata, sai a Disamba, ana shirin Kirsimeti, ta kulle asusun mutane. Aka yi kuka, aka ce an ji jiki. Sai ga CBEX da alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30. A Afrilun 2025 ta ruguje, waɗanda aka cuta suka far wa ofishinta a Ibadan, EFCC ta shiga bincike. Dabarar ɗaya ce kullum: da kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya. Ba gona, ba shago, ba haja. Ran da sababbin shiga suka ƙare, ran nan asiri ke tonuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rigar ibadar da ake sa wa wannan ɓarna. Mutum zai miƙe lokacin ba da shaida ranar Lahadi ya ce, "Allah ya buɗe mini ƙofa," a tafa masa, a ce Halleluya. Da an tashi sujada, wata gwauruwa ta ja shi gefe a bakin majami'a, ta kwance bakin zanenta ta ce, "Ɗana, ni ma ka sa ni a ciki." Kuɗin adashinta ne, ko na masarar da ta ajiye don damina. Da baƙo ne ya zo mata da zancen, da ba ta ko saurara ba. Ta yarda ne domin tare suke cin Jibin Ubangiji. To ɗan'uwa, ka sani, ribar da ka yi shaida a kanta gumin irin wannan baiwar Allah ne.

Ban raina wahalar kowa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, magidanta da yawa ba sa barci saboda kuɗin makaranta da na haya. Amma a nan tarkon yake, domin mai damuwa ba ya tambaya, duk igiyar da aka miƙo masa kamawa yake yi. Shi ya sa a Matiyu sura 6 Yesu ya hana mu alhinin ci da sutura, ya nuna mana yadda Uba yake ciyar da tsuntsaye. Kuma talakawa yake yi wa maganar, ba masu rumbu cike ba. Bulus yana ɗaure a kurkuku ya gaya wa Filibiyawa cewa koyon wadar zuci ya yi, cikin ƙoshi da cikin yunwa. Wadar zuci ba lalaci ba ce, shi kansa ɗinkin alfarwa yake yi don ya ci abinci. Gehazi kuwa, da ya bi bayan Na'aman don azurfa da tufafi, da kuturta ya ƙare. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Fastoci da dattawan ikkilisiya, nauyin nan a wuyanku yake. Kada ku bar bagade ya zama wurin talla. Duk wanda ya kawo shaidar kuɗi, ku tambaye shi sana'ar da ta haifi ribar, kuma kada ku karɓi zakka daga irin wannan kuɗi. Wanda ya riga ya jawo wasu, ya je ya same su, ya nemi gafara, ya mayar da abin da ya ci. Waɗanda aka wawashe kuwa, kada a mai da su abin gori, a duba asusun taimako na ikkilisiya a tallafa musu kafin baƙin ciki ya kwantar da su.