Jelin Rasberi A Kanti: Wata Nawa Yake Yi?

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, mu dai mutanen hatsi ne, amma yau maganarmu a kan kayan kwalba take, domin mun ga masu kanti suna sarinsa katan-katan, ƙarshe su tashi da kwantai.

Rasberi 'ya'yan itace ne jajaye ƙanana da ake nomawa a ƙasashe irin su Rasha da Folan da Sabiya. Ba sa daɗewa bayan tsinka, shi ya sa ake dafa su da sukari. In an tace ruwan kaɗai, shi ne jeli. In an bar tsokar ciki, jam ke nan. Abin da shanya take yi wa gero, shi sukari yake yi masa: ya kame ruwan, ya hana hunhuna sakewa. Sukarin yakan kai kashi 60 cikin 100 ko fiye. Wanda aka rage wa sukari kuwa ba shi da ƙarko.

Kwalbar da ba a buɗe ba, in dafin gida ce, shekara 1 ake ba ta. Ta kamfani takan fi haka, a duba kwanan watan da ke jikinta. To amma fa wannan lissafin na wuri mai duhu ne da sanyi, digiri 10 zuwa 21. Shago mai rufin kwano a watan Afrilu fa? Ai kun san amsa. Launin ne yake fara tafiya, ja ya koma ruwan ƙasa, ƙamshi ya bi shi. Ba lalle ya cutar ba, sai dai mai saye da ido yake saye. Kada a jera shi bakin taga don ado, a sa shi ƙasan kanta, tsohon kaya a gaba.

Kafin ku biya kuɗi, ku danna tsakiyar murfi. Mai lafiya a lotse yake, ba ya motsi. In ya yi ƙas ya dawo, iska ta shiga. Haka in akwai danƙo a wuyan kwalba. Ku mai da wa mai ita.

Da an buɗe sai firji, a shanye cikin kamar wata 1, da busasshen cokali mai tsabta. Inda wuta ba ta zama, ƙananan kwalabe suka fi dacewa da sari. In hunhuna ta fito, ku gaya wa mai saye kada ya kankare sama ya ci ƙasa, saiwarta tana ratsa abu mai taushi. A zubar duka.